Aikin ido kyauta na wata gidauniya: abin da na gani da na kai mahaifiyata

Tun kafin azumin bara mahaifiyata ta daina gane mutum sai ya yi magana, domin yanar ido ta rufe mata idon dama gaba ɗaya, na hagun kuma dishi-dishi yake gani. Wata Juma'a liman ya sanar cewa gidauniyar wani attajirin garin nan, wadda ta gyara mana masallacin unguwa, za ta kawo likitoci su yi aikin ido kyauta na kwana uku a wani asibiti da ke cikin Sakkwato, sai na ɗauke ta muka tafi.

Mun isa bayan sallar Asuba, muka tarar mutanen Wurno da Gwadabawa da Illela sun riga mu, wasunsu ma a nan suka kwana. Wannan cunkoso bai ba ni mamaki ba, tunda binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yana ce ke haddasa kusan kashi 43 cikin 100 na makantar waɗanda suka kai shekara 40, alhali kuwa aikinta bai cika wuce rabin awa ba: a kashe zafin wurin da allura, a cire ƙwayar da ta dushe, a dasa ta roba a gurbinta. An kafa rumfuna, an ware layin mata da na maza, an raba kati bisa yadda mutum ya zo, kuma ban ga an shigar da kowa ta bayan fage ba. Abin da ya fi burge ni shi ne tantancewar. Duk wanda aka samu sukarinsa ko jininsa ya hau, magani aka ba shi aka ɗaga aikinsa, masu hawan jinin ido kuma aka gaya musu gaskiya cewa ganin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya saura. Wanda ya san ɓarnar da masu tura yana cikin ido da tsinke suke yi a ƙauyuka zai san darajar wannan gaskiya.

Washegarin aikin da aka yi wa mahaifiyata a idon dama, wata ma'aikaciyar jinya ta ɓare bandejin a hankali, ta ɗaga hannu ta ce, "Inna, yatsu nawa kike gani?" Mahaifiyata ta ce, "Ɗiyata, bar ta yatsu, har zoben hannunki ina gani." Daga nan ta juyo ta dube ni tsawon lokaci, ta ce ashe furfura ta cika mini gemu ba wanda ya gaya mata.

Inda gidauniyar ta gaza shi ne bayan aikin. Kwalba ɗaya ta maganin ɗigawa aka ba kowa, ta ƙare kafin makonnin da aka ce a yi ana ɗigawa su cika, lambar wayar da ke bayan katin kuma kullum a kashe take. Ranar da aka ce mu koma a duba idon, likitocin sun riga sun bar gari, ba a kuma bar takardun majinyatan a hannun kowa ba. Ni na sayi magani na kai ta wurin wani likita, amma na bar wani dattijo zaune bakin ƙofa, ido ya yi ja, ya kashe guzirinsa a kuɗin mota. A garin nan muke da Asibitin Noma, na yara masu cutar noma da ke cin baki da fuska, wanda aka buɗe a 1999, inda yaro ke komawa ana yi masa aiki mataki-mataki domin wurin yana nan daram, kuma irin wannan dawwama ce aikin kwana uku ya rasa.

Haka lamarin yake a masallaci. An sa fankoki da sola, an gina wurin alwala, an haƙa rijiyar burtsatse wadda matan unguwa ke ɗiba, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Na yaba da bayanin sakataren gidauniyar cewa ba sa taɓa kuɗin zakka wajen ginin masallaci, domin ba ya cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Sai dai baturan sun fara rauni, fankoki na tsayawa ana tsakiyar sallar Isha'i, ba a kuwa ware ko kwabo na gyara ba. Da an gina shaguna biyu jikin katanga aka mayar da su wakafi, da hayarsu ta ɗauki nauyin batur da famfo, kuma jihar nan tana da Hukumar Zakka da Wakafi da za a iya neman shawararta.

Idon hagu na Inna yana nan yana jira. Idan suka dawo zan sake kai ta, amma da kuɗin maganin wata guda a aljihuna, kuma ba zan bar wurin ba sai an gaya mini likitan da zai duba ta bayan sun tafi.