Gidajen Tallafi ga Manya Masu Naƙasa: Abin da Za a Auna Kafin a Zaɓa

Babban mutum mai naƙasa da ke son zaman kansa, ko iyalin da ke nema masa wuri, yakan ci karo da tsare-tsare masu kama da juna a takarda, alhali zaman cikinsu ya sha bamban. Ma'aunin da ya dace a ɗora su a kai shi ne sashe na 19 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta kuma fara aiki a 2008. Sashen ya tabbatar wa mai naƙasa ikon zaɓen inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, ya kuma hana a tilasta masa wani tsarin zama.

Tsarin da aka fi sani shi ne gidan haɗaka, inda mutane kaɗan ke zaune, kowa da ɗakinsa, suna tarayya a falo da ɗakin girki, ma'aikata kuma suna karɓa-karɓa dare da rana. Ya dace da mai buƙatar a sa masa ido a kowane lokaci, kamar mai farfaɗiya mai tsanani ko wanda ba ya iya juyawa a kan gado sai an juya shi. Rauninsa shi ne jadawalin ma'aikata kan mamaye rayuwar mazauna ba tare da kowa ya yi nufin hakan ba: a ci abincin dare da wuri domin mai girki zai tashi aiki, a fasa fita kasuwa domin mutum ɗaya ne a bakin aiki kuma ba zai bar sauran ba. Galibi ma mazaunin ba shi ne ya zaɓi abokan zamansa ba.

Na biyu shi ne mutum ya kama haya da sunansa, shi kaɗai ko da abokin da ya zaɓa, ma'aikatan tallafi su riƙa zuwa na wasu sa'o'i a mako domin taya shi sayayya, biyan kuɗin wuta, shan magani a kan lokaci ko wanka. A ganina, duk wanda lafiyarsa za ta ɗauka, nan ya kamata ya fara dubawa, saboda wani dalili da iyalai da yawa ba sa lura da shi sai an sami saɓani. Idan ƙungiyar da ke ba da tallafi ita ce kuma mai gidan, ranar da aka ɓata da ita an rasa taimako an rasa matsuguni a lokaci guda, kuma mazaunin da ya san haka ba zai yi ƙorafi ba ko da ana cutarsa. Idan kuwa yarjejeniyar haya daban, yarjejeniyar tallafi daban, yana iya sallamar masu tallafin ya ɗauki wasu, makullinsa na aljihunsa. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa kowace ƙungiya ita ce sunan wa ke kan takardar haya, kuma me zai faru da ɗakin idan aka raba gari. Matsalar wannan tsari kaɗaici ce, da kuma dogon lokacin da ke tsakanin zuwan ma'aikaci da zuwansa na gaba. Akwai tsaka-tsaki da ke rage wannan: rukunin ƙananan gidaje a gini ɗaya, kowa da ƙofarsa, da ma'aikaci mai kwana a wurin da ake kira da ƙararrawa.

Na uku shi ne mai naƙasa ya ɗauki mataimaki da kansa, shi ke zaɓensa, shi ke tsara masa aiki. Tunanin ya samo ƙarfi daga fafutukar masu naƙasa a Amurka, inda Ed Roberts da abokansa suka jagoranci cibiyar zaman kai da aka kafa a Berkeley a 1972. Daga baya Suwidin ta sa shi a dokar da ta fara aiki a 1994, Birtaniya kuma ta yi dokar biyan kuɗin kulawa kai tsaye ga mai naƙasa a 1996. Babu tsarin da ya kai shi ba mutum iko, amma ya mayar da shi ubangidan ma'aikaci, da nauyin albashi da hutu da neman wanda zai maye gurbi ranar da mataimakin ya kwana da zazzaɓi. Wanda bai tanadi mataimaki na biyu ba, bai gama shiri ba.

Akwai kuma zama da wani iyali da aka tantance aka horar, wanda ke yi wa masu son hayaniyar gida daɗi, sai dai ɗorewarsa ta rataya ne a kan halin da iyalin ke ciki, kuma gidan nasu ne.

Ko wanne aka karkata gare shi, a je da ma'auni a gwada ginin. Ƙa'idar Amurka kan gine-ginen da suka dace da masu naƙasa, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ta nemi faɗin ƙofa a buɗe ya kai kusan santimita 81, filin juya keken guragu kusan santimita 150, gangaren hawa kuma kada ya tashi fiye da mita 1 a cikin kowace mita 12. A shiga banɗaki da keken a rufe ƙofa a gani, domin a nan ne gidajen da aka ce an gyara suka fi tona kansu. A duba tazarar gidan daga tashar mota, asibiti da wurin aiki, tunda gida mai kyau a bayan gari kulle ne ga wanda ba ya tuƙi.

Gani ya kori ji, don haka a kai ziyara da yamma ko a ƙarshen mako, lokacin da shugabanni ba sa nan. A lura ko ma'aikata suna ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga, ko da mazaunin suke magana ko da wanda ya rako shi, da kuma shekarun da mafi daɗewarsu ya yi a wurin, domin yawan sauyin ma'aikata na nufin baƙo ne zai riƙa yi wa mutum wanka kowane wata. A nemi rahoton hukumar da ke sa ido, a nemi a rubuce abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da ake biya daban, da yadda za a yi idan buƙatar mazaunin ta ƙaru. Kafin a sa hannu, a nemi damar kwanan gwaji na 'yan kwanaki, kuma wanda zai zauna a gidan shi za a bari ya faɗi ra'ayinsa tukuna, kafin iyali su faɗi nasu.