Giris ɗin Lubriplate 130-A a Jikin Tsohuwar Bindigar M1 Garand

Duk wanda ya mallaki M1 Garand a Amurka, musamman ta hannun hukumar Civilian Marksmanship Program da ke sayar wa 'yan ƙasar da suka cika sharuɗɗa rarar bindigogin soja daga cibiyoyinta na Anniston a Alabama da Port Clinton a Ohio, ba ya daɗewa sai ya ji sunan Lubriplate 130-A a bakin tsofaffin hannu. Bindigar ta John Garand ce, wanda ya ƙera ta a ma'aikatar makamai ta Springfield, rundunar sojan Amurka ta karɓe ta a 1936, kuma an yi sama da guda miliyan 5 kafin bindigar M14 ta gaje ta a 1957. Giris ɗin kuwa ya shiga hannun sojoji ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an lura cewa ruwan sama yana wanke man da ake shafa wa bindigar har ta riƙa cijewa, shi ya sa aka riƙa ba kowane soja ɗan mitsitsin kwano na giris ya ajiye a ramin da ke gindin bindigarsa.

Wannan tarihi shi ne babbar hujjar masu yabonsa, kuma a ganina yabon yana da tushe. Giris ne mai laushi, fari-fari, wanda aka haɗa da sinadarin kalsiyam, saboda haka ruwa ba ya ɗauke shi da sauƙi, kuma yana zama inda aka shafa shi. Garand bindiga ce mai aiki da iskar albarushi: idan aka harba harsashi, wani ɓangare na iskar yana shiga silindar da ke ƙarƙashin bakin bututu, ya tura doguwar sandar ƙarfe baya, sandar ta murɗa sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke kulle harsashi daga baya, ta buɗe ta, ta fitar da kwanso, sannan sifirin ya mayar da komai gaba da sabon harsashi. Kusan duk wannan tafiya gogayyar ƙarfe da ƙarfe ce, kuma mai na ruwa yana tsiyayewa daga irin waɗannan wurare tun ba a je ko'ina ba. Ƙa'idar da masu bindigar ke bi a sauƙaƙe take: abin da ke zamewa a sa masa giris, abin da ke juyawa a ɗiga masa mai.

Wurin shafawa kuwa bindigar da kanta ke nuna shi. Idan aka tabbatar babu harsashi a ciki, aka kwance ta aka duba da kyau, za a ga inda rufin da ke jikin ƙarfen ya goge ƙarfe yana ƙyalli: kunnuwan sakata, ramin sandar da kunnen dama ke zama a ciki, hanyoyin da sakata da sanda ke bi a jikin bindiga, da ƙasan bututu inda sanda ke gogarsa. Nan ne za a bi da ƙaramin buroshi a shafa siriri, yadda ƙarfen zai yi sheƙi ba tare da ya yi dunƙule ba. Farin launinsa yana da amfanin da ban cika jin ana faɗa ba, domin da zarar ya yi baƙi mutum ya san datti ya shiga, lokacin gogewa ya yi. Silinda da kan fistan, wato gaban sandar da iska ke turawa, da cikin bututu lokacin harbi, a bushe ake barinsu.

Yana da iyakarsa. Giris mai kalsiyam ba ya jure zafi mai tsanani kamar na haɗin sinadarai da ake yi yanzu, kuma a wuri mai ƙura ko rairayi kowane giris yana kama datti ya zama kamar sanfefa. A tsananin sanyi ma man shafawa yana daskarewa, abin da sojojin Amurka suka ɗanɗana a Koriya a hunturun 1950.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke ɗaukar giris a matsayin maganin kowace cuta, su yi ta labta shi ga bindigar da ciwonta yake wani wuri daban. Idan sakata ba ta komawa baya sosai, kwanso ya maƙale ko sabon harsashi ya ƙi hawa, a fara duba murfin silinda ko ya saki, domin iska na zurarewa ta nan. Bayan shi sai a auna fistan da silindar ko sun cinye, a kuma duba dogon sifirin ko ya gaji ko ya karye. Idan maƙalin da ake loda wa bindigar harsasai 8 da shi yana tsalle ya fita tun da sauran harsashi a ciki, galibi ƙaramin sifirin da ke riƙe shi ne ya yi rauni. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ke bambance rashin giris da lanƙwasar sanda: a cire dogon sifirin, a karkata bindigar sama da ƙasa, sanda da sakata su zame da nauyin kansu, in suka cije, wani abu yana gogarsu, kuma aikin ya koma na ƙwararren mai gyaran bindiga.

Harsashin da ake sa mata ma yana cikin lissafi. An tsara bindigar ne da harsashin soja samfurin .30-06, kuma wasu harsasan farauta na zamani masu albarushi mai jinkirin ci suna tura iska fiye da kima zuwa silinda, har su lanƙwasa sandar. Tsofaffin harsasan soja na kafin farkon shekarun 1950 kuwa suna barin gishirin da ke jawo tsatsa, wanda ruwa ne ke narkar da shi, sai a busar da bututun a shafa masa mai kafin a ajiye. Bindigar da ta shekara sama da 70 ta cancanci mai gyara ya auna zaman harsashi a cikinta tun kafin harbin farko, bayan an wanke tsohon man ajiya da ta zo da shi, sannan a sa mata Lubriplate a wuraren da aka ambata.