Shagon sikanin silaid na Zoo Road: hannunsu yana da kyau, amma kar ka sayar da dijital ɗinka

Masu tsofaffin silaid a gida, irin waɗanda iyayenmu suke haskawa a bango da majigi, akwai wani ɗan shago wajen Zoo Road a Kano da suke juya su zuwa kwamfuta. Ba sai na kama suna ba, masu ɗaukar hoton yankin duk sun san shi. Aiki kala biyu na kai musu, duka fim ɗin silaid ne na kamfanin Kodak, kwalin Kodachrome na kawuna na hawan sallar shekarun 1970, sai kuma Ektachrome E100 guda da na ɗauka da kaina ranar Hawan Daushe, a ɗaya kafaɗar ina rataye da kyamarar dijital mai megafiksel 24 don in ga wa zai kada wani.

Injinsu Plustek OpticFilm 8200i ne, ɗaya bayan ɗaya ake tura masa hoto da hannu, don haka in kana sauri ka ma haƙura tun daga gida. A kwalin injin an rubuta dpi 7200, wato yawan ɗigon da yake karantawa a kowane inci, amma mai shagon a 3600 yake yi, ya ce min "Malam in na ƙure shi fayil ne kawai zai kumbura ya cika maka filashi, ba abin da zai ƙaru a hoton". Hoton fim ɗin 35mm girmansa milimita 24 da 36 ne, a 3600 kana samun wajen megafiksel 17.

To wallahi kafin a yi sikanin, da mai shagon ya ɗora silaid ɗin a kan fitila ya miƙo min gilashin dubawa, sai da na yi shiru. Ja da koren rigar dogarai kamar ka kai hannu ka taɓa, ƙurar da dawakai suka tayar a Ƙofar Kudu rana ta ratsa ta ta koma ruwan zinare, ban taɓa ganin allon kwamfutar da ya ba ni wannan ba. Matsalar ita ce ba wanda zai ga wannan sai wanda ya zo shagon ya sa idonsa, da ya bi ta cikin inji ya zama fayil shi ma ai dijital ya koma, kuma a nan ne kyamarata ta yi masa fintinkau. Na zuƙo aikin zaren alkyabbar wani hakimi, a dijital zare ɗaiɗai kake ƙirgawa, a sikan kuwa ya ɗan dishe ga tsakin fim ya hau kai. Inda ya fi ba ni haushi inuwa ce, silaid ba shi da haƙuri ko kaɗan, tazarar hasken da yake iya ɗauka kamar sitof 5 ce, wato ninkin haske sau biyar, ga farin rawani a rana ga baƙar fuska a ƙarƙashinsa, dole ɗaya ta tafi. A RAW kuwa, wato ɗanyen fayil ɗin kyamarar dijital, na ja inuwar sama fuska ta fito tas har da gumi.

Na kawu su ne suka biya ni. Kodak ta daina Kodachrome a 2009, wurin ƙarshe da yake wanke shi, Dwayne's Photo a Kansas ta Amurka, ya daina a Disamban 2010, amma in an ajiye shi a duhu launinsa ba ya gudu, shuɗin babbar riga yana nan daram. Sai dai hasken infrared, wanda ido ba ya gani, da injin yake gano ƙura da shi ya goge, a Ektachrome yana aiki sumul, a Kodachrome kuwa ruɗewa yake, dole da hannu ake bin ɗigo ɗigo, kuma mutumin ya zauna ya bi su, a nan kam na sara masa.

Abin da ban ji daɗi ba, ƙofar shagon a buɗe take wan ga hunturu, kuma yaronsa da yatsu tsirara yake ɗaukar silaid, sai da na ce ɗan'uwa don Allah riƙe ta gefe. Sannan JPEG suke ba ka in ba ka yi magana ba, ka ce TIFF kake so, wato fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, tun kafin su fara.

Wankin fim kuma ba sa yi, ni sai da na ba wani mai tafiya waje aka yi min E-6, wato irin wankin da ake yi wa Ektachrome. Kodak ta dawo da Ektachrome a 2018 bayan ta daina shi a 2012, yana samuwa, amma hoto 36 ne kacal, ga kuɗin dala, ga shi yana son firij a garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40 wuta kuma sai ta ga dama. Aikin biki ko suna da dijital zan ci gaba da yi. Kwalayen kawu da suka rage kuwa can zan mayar, amma sai ƙurar nan ta kwanta.