Mita 400 na mata: fita da wuta ko ajiye ƙarfi?

Ana yawan tambayata wanne ya fi a tseren zagaye ɗaya: a fita da wuta, ko a ajiye ƙarfi sai ƙarshe?

Mai fita da wuta tun a kwanar farko take rikita abokan karawarta. Haka Salwa Eid Naser ta Bahrain ta yi a gasar duniya ta Doha a 2019, ta gama cikin daƙiƙa 48.14, Shaunae Miller-Uibo ta biyo ta amma ba ta cim mata ba. Sai dai akwai kasada: gab da layi ƙafafu kan yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, kafaɗu su ɗage, taku ya gajarce.

Ajiye ƙarfi kuwa sai mai dakakkiyar zuciya, don tana ji tana gani ake wuce ta. Da shi Christine Ohuruogu ta Birtaniya ta ci zinare a gasar Olympics ta Beijing a 2008, kuma a gasar duniya ta Mosko a 2013 ta kamo Amantle Montsho daidai kan layi, sai hoto ne ya raba gardama. Ni dai wannan salon ya fi burge ni, kuma yana jure shekaru, tunda zafin ƙafa ke fara raguwa kafin juriya.

Wadda ta taso daga mita 200 ta ɗauki na farko; mai dogon numfashi da haƙuri, na biyu ne nata.