Hilux 2.7 ko 4.0 V6 in za ka ja tirela a doguwar hanya

Ɗan uwa, tunda tsakanin Hilux ɗin fetur guda biyu ka tsaya, mai 2.7 da mai 4.0 V6, kuma tirela mai rufi ta wajen tan biyu za ka riƙa ja a doguwar tafiya, to ni dai V6 zan ce ka ɗauka, ban ga abin dogon tunani a nan ba. Na san za a samu masu ce maka ka ɗauki 2.7 saboda shan mai, kuma ba ƙarya suka yi ba in dai motar ita kaɗai take tafiya babu komai a bayanta, amma kai ba haka za ka yi aiki da ita ba, da zarar ka maƙala tirela a baya lissafin duk ya canza.

Injin 2.7 ɗin nan, wanda suke kira 2TR-FE, silinda huɗu ne, ƙarfinsa doki 160 da 'yan kai, ƙarfin murɗawarsa kuma wajen 245 Nm, shi ma sai inji ya kai juyi 4000 a minti yake bayar da shi duka. Shi kuwa V6 ɗin, 1GR-FE, yana wajen doki 235, murɗawarsa 376 Nm. Ka ga kenan ya fi ƙaramin da fiye da rabi a wajen abin da ake buƙata don jan kaya. Ita kanta motar in mai kujera biyu ce gaba da baya kuma 4x4, nauyinta ya kai wajen tan biyu tun ba a saka mata komai ba, ka ƙara tirela tan biyu, ka ƙara mutane da kaya a bodi, kana neman ƙaramin inji ya ja sama da tan huɗu awa da awanni, wannan ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Zai ja, ba wai ba zai ja ba, amma ƙafarka a ƙasa za ta wuni, giya tana sauka tana hawa, inji yana ta kuka a juyi mai yawa, kuma injin fetur in aka matse shi har ƙarshe kwamfutarsa ƙara masa mai take yi fiye da ƙa'ida don kada ya ɗau zafi ya ƙona abu, to a nan ne sauƙin man da ka saye shi dominsa yake tafiya. Babban injin kuma yana yin aikin nan da rabin totur, bai kai inda ake ƙara masa wancan man ba. Shi yasa in da tirela ne za ka tarar tazarar shan mai tsakaninsu ta matse sosai, wani lokacin ma a hanya mai hawa da yawa ba za ka iya cewa ga wanda ya fi sha ba.

Ni V6 nake riƙe da ita yanzu kuma wallahi ina jin daɗinta. Akwai wata tafiya da na yi da tirela cike da kaya, rana ta take sosai, AC a kunne, muka iso wani dogon hawa irin wanda kake ganin manyan motoci sun jeru suna rarrafe da giya ta ɗaya. Na maida ita giya ta 4 tun daga ƙasa na bar ta a nan, ta riƙe gudunta ba ta nemi sauka ba sai kusa da ƙarshe ta faɗa ta 3 na ɗan lokaci, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba, da na samu fili na fito zan wuce wata babbar mota na taka kaɗan ta amsa nan take na wuce na koma hannuna da sauran tazara mai yawa. Wanda ke zaune kusa da ni barcinsa yake yi bai ma san mun hau wani abu ba. Wannan wucewar ita na fi so ka yi tunani a kai, don a hanya mai hannu biyu in ka fito wuce doguwar mota da tirela a bayanka, kowane sakan da ka ƙara a hannun masu zuwa rayuwarka ce a ciki, kuma babu litar man da za ka rage da ta kai wannan.

Ita 2.7 inji ne mai jimiri, makanikai sun san shi ciki da bai, ba ya ba da wahala, in zirga-zirgar gari ce da ɗan kaya a bodi ya wadatar. Iyakar abin da zan ce a kanta kenan. Kafin V6 ɗin nan na taɓa riƙe wata akori-kura mai silinda huɗu ta wani kamfanin, na ja kaya da ita, na san yadda mutum yake isa masauki ƙafarsa da kunnensa duk sun gaji.

Kada kuma ka ɗauka V6 ba ta shan mai, tana sha, musamman a cikin gari da go-sulo, a nan kam 2.7 ta fi ta sauƙi ƙarara kuma kullum za ka ji a aljihunka. In da jan tirelar sau ɗaya ne ko biyu a shekara sauran duk yawon gari, da maganata ta canza. Amma a doguwar hanya abin da ya fi cin manka ba girman inji ba ne, iska ce. Tirela mai rufi in ta fi motar tsayi, gabanta a miƙe yake yana tare iska, kuma turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkuwa take yi. Daga gudun 100 zuwa 120 gudu ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari kawai, amma turjiyar iska ta ƙaru da kashi 44, ƙarfin da inji zai kashe don ya ture ta kuma ya ƙaru da sama da kashi 70. In ka sauko daga 100 zuwa 85 turjiyar ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Shi yasa mutum biyu masu mota iri ɗaya da tirela iri ɗaya za su yi tafiya ɗaya, wannan ya ce motar tana da sauƙin mai wancan ya ce ta cinye shi, bambancin a ƙafarsu yake. Ni in ina ja, tsakanin 85 da 90 nake zama, wanda zai wuce ya wuce. A hanya miƙaƙƙiya nauyi ba ya damun mota sosai in ta riga ta ɗau gudu, sai a tashi da hawa, amma iska tana nan tare da kai tun daga fita har isa, in ma ta gaba ce take kaɗowa to ranar sai haƙuri.

Sai maganar tanki, wadda mutane ba sa kawowa sai sun makale. Tankin wajen lita 80 ne a dukkansu. Ɗauka misali motarka tana shan lita 12 a kilomita 100 ita kaɗai, ka ga za ta haura kilomita 650 kafin ya ƙare. In da tirela ta koma lita 20, kilomita 400 ne kacal, kuma ba wanda yake bari sai ya ƙare tas, ka cire na ajiya ka ga abin da ya rage maka wajen 330 ko 350. Misali na ba ka don ka ga yadda abin yake raguwa, naka lissafin kai za ka fitar, kuma kada ka yarda da lambar da dashbod yake nunawa, yawanci yana sassauta ta. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, maida maleji sifili, yi tafiyarka, sake cikawa, raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka sau 100. Yi haka da tirela, yi babu tirela, sannan ka san motarka. In tanki ya kai rabi a hanyar da ba ka sani ba ka tsaya ka cika kawai.

In atomatik za ka saya, to giyabos shi ne abin tausayi ba inji ba. A mai giya biyar da mai giya shida duk giya ta 4 ce take kai tsaye, na samanta na rage juyin inji ne don sauƙin mai in mota ba ta da nauyi. In ka bar ta a D da tirela za ka ji tana shiga ta sama tana fitowa tana sake shiga, wannan kai-komon zafi yake tarawa a man giya, kuma zafi shi ke kashe giyabos a hankali ba tare da ka sani ba. Ka kulle ta a 4 in akwai hawa ko iska, ka bar inji ya yi juyinsa, ba abin da zai same shi, kuma ka riƙa canza man giya da wuri fiye da wanda ba ya jan komai. In za ka iya ƙara mata ƙaramin lagireton sanyaya man giya ka ƙara. A gangara kuma ka sauke giya inji ya riƙe maka, injin fetur yana da kyau a wannan, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birki in ya ɗau zafi sakin ka yake yi.

Tirela tan biyu dole ta zama tana da birkinta. Wadda ba ta da birki iyakarta kilo 750 a ƙa'idar da ake rubuta wa irin motocin nan, ko wane inji ne a gaba. Nauyin da zai sauka a kan ƙugiyar ja ya zama wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirelar, wato wajen kilo 200 a taka, kaya masu nauyi a ƙasa kuma gaba da tayoyin tirelar kaɗan. In ka tara su a baya za ta fara lilo da wutsiya da zarar gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce ka, kuma in ta fara kada ka taka birki da ƙarfi kada ka yi kokawa da sitiyari, ɗaga ƙafa kawai ka riƙe ta a miƙe. Kilo 200 ɗin nan kuma daga cikin abin da motar za ta iya ɗauka ake cire shi, ba za ka cika bodi maƙil ka cika kujeru sannan ka ja cikakkiyar tirela ba.

Wani zai ce me ya hana dizal. Gaskiya a jan kaya zalla 2.8 dizal ya fi su duka biyun, sababbin daga 2020 suna ba da 500 Nm a atomatik tun daga juyi 1600, kuma litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da sama da kashi 10 cikin ɗari, amma nozul da famfonsa ba sa yafe gurɓataccen mai ko mai ruwa a ciki, gyaransu kuma ba wasa ba. Tunda fetur ka ce, mu tsaya a fetur.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hankali da dillalai, don a irin wannan cinikin ne suke cin mutane. Na farko za su ce maka ai Hilux tan uku da rabi take ja, wannan kilo 3500 ɗin na wasu samfuran dizal ne da tirela mai birki, ba kowace Hilux ba, ka buɗe littafin motar da farantin da ke jikinta ka ga abin da aka rubuta wa wannan ɗin da ke gabanka, in bai kai nauyin tirelarka da rara ba ka bar ta ko da V6 ce. Na biyu ka leƙa ƙarƙashi ka ga ƙugiyar, in wani mai walda ne ya liƙa ƙarfe a jikin bamba to ba ƙugiya ba ce, ta gaskiya da kusoshi take ɗaure a jikin shasi kuma akwai lambar nauyinta a rubuce. Ka duba sifirin na baya ko sun kwanta sun miƙe, alamar motar ta sha lodi kenan ko da maleji yana nuna kaɗan, don maleji juya shi ake yi, sitiyari da feda da kujerar direba su ne ba sa ƙarya. Ka ce kana so ka tarar da inji a sanyi, in ka zo ka taɓa ka ji da ɗumi to an riga an tayar da shi don kada ka ji ƙarar da yake yi da safe ko ka ga hayaƙi. Ka sa makanikinka, ba nasu ba, ya duba man giya, in ya yi baƙi yana warin ƙuna ka juya kawai, ya kuma jona kwamfuta ya ga ko an goge lambobin matsala kwanan nan, ya tabbatar ba a cire tamostat ba don ɓoye zafi, ya buɗe bonet ya ga injin da ke ciki shi ne na takarda don manna tambarin V6 a ƙofar baya ba wuya.

In sun yarda ka gwada ta da tirelarka a maƙale, ka nemi hawa mafi kusa ka hau da AC a kunne kana kallon allurar zafi. Mai motar kirki ba zai hana ka ba. In ta wuce wannan, ɗauki V6 ɗin, ka sa mata tayoyi masu lambar ɗaukar nauyi, ka ƙara wa na baya iska yadda takardar jikin ƙofa ta nuna na cikakken lodi, kuma ka samo wa tirelar safaya tata daban. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya.