Koni Sport ko KYB AGX a motar da aka sauke ƙasa?

Ɗan'uwa, ka ce ka sa wa Civic ɗinka ƙirar 2000 gajeren sifirin, ta yi ƙasa ta yi kyau, amma tun daga ranar take tsalle kamar ɗan akuya, kuma kana so ka san wacce shokozoba, wato abin da ke kashe tsallen mota, za ka yi oda tsakanin Koni Sport da KYB AGX. Duka biyun na ɗaura su a mota irin taka, ga abin da na gani.

Tsallen ba abin mamaki ba ne. Gajeren sifirin ya fi na kamfani tauri, ita kuwa shokozobar kamfani da sifirin mai laushi aka auna ta. In taya ta faɗa rami sifirin ya matse, da ƙarfi yake dawowa, ita kuma ba ta iya riƙe shi. Ga sandarta ta riga ta nutse tun mota na tsaye, saura ɗan fili kaɗan ta daki robar ƙarshe da ke tare ta.

AGX ta kamfanin KYB ce na Japan, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Saitinta mataki-mataki ne, wata 4 a saman sanda, wata 8 a gefe, ya danganta da motar. Daɗinta shi ne ba ka ɓata: ka sa dama a 2, ka sa hagu a 2, an gama. Sai dai murɗawa ɗaya tana ƙara taurin matsewa da na dawowa a tare. In ka ƙara don ka kashe tsalle, ka ƙara wa ƙugunka duka ke nan.

Koni Sport, mai launin rawaya, 'yar Holan ce. Ita dawowa kaɗai ake saitawa, matsewar tana nan yadda kamfani ya bar ta. Da farko na ɗauka rowa ce, ka biya kuɗi mai yawa a ba ka rabin saiti. Sai da na bi ta gadar Ƙofar Nassarawa a Kano, inda taya ke dukan mahaɗar kankare ɗaya bayan ɗaya, sannan na gane. Da AGX a mataki na sama, kofin shayin da ke gefen giya sai da ya fantsalar min a riga. Da Koni, motar ta haɗiye dukan ta zauna sau ɗaya, ba ta sake lilo ba. Matsalar gajeren sifirin a dawowa take, can kuma Koni ta sa hannu. Wahalarta ita ce babu ƙas-ƙas ɗin mataki. Da wani ɗan farin murfin roba ake juya ta, dole ka mayar da ita laushin ƙarshe sannan ka ƙirga zagaye, kowane ɓangare daidai da ɗan'uwansa. Ka ajiye murfin nan a aljihun mota, ɓatansa ba wuya.

A kwalta mai kyau kamar titin Zariya da sassafe, bambancinsu kaɗan ne, kowacce tana riƙe mota a kwana. A lungunan Dorayi bayan ruwan Agusta ake rabuwa, nan Koni ta fi tausayin baya.

Amma fa kafin ka tura kuɗi, ɗauko awo ka duba nawa ka sauke motar. In bai wuce inci ɗaya da rabi ba, wato kusan santimita 4, duka biyun za su yi maka aiki. In ka zarce haka, ko ka murɗa saiti har ya ƙare ba zai dawo da filin da ka cinye ba, a kan roba motar za ta riƙa tafiya, kuma kowane tudun rage gudu sai salansa ta gaisa da shi. A nan gara shokozoba mai gajeren jiki irin Bilstein B8 ta Jamus, wadda don gajeren sifirin aka ƙera ta, ko da yake ita ba ta da saiti ko kaɗan. Ko kuma ka ɗan ɗaga motar, ba abin kunya ba ne.

Wajen ɗaurawa kada ka bar gareji. Ni na tafi sallar azahar na dawo na tarar da yaron bakanike ya danƙe sandar da filaya yana ɗaure notin sama. Ƙarzanen da ya yi mata shi ya ci robar mai, ba a yi wata biyu ba ta fara zuba. Kada a kama sandar da ƙarfe mai haƙori, kada kuma a ɗaure notin sama da bindigar iska, domin mai saiti a sama, ta cikin sandar saitin yake bi. A matse sifirin da abin matse shi, ba da igiya da addu'a ba. Notin ƙasa, inda bushin yake, sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta a ɗaure shi, in ba haka ba bushin zai murɗe ya yage da wuri. A canza biyu-biyu, sannan a wuce wajen saitin ƙafa, don motar da aka sauke tana cin taya ta ciki.

In ka ci karo da ta hannu a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, danna ta da hannu a saiti mafi laushi da mafi tauri. In ba ka ji bambanci ba, ko ka ga jikinta da danshin mai, ajiye musu kayansu.

Ni dai Koni na bari a tawa, rabin zagaye daga laushi a baya, zagaye ɗaya a gaba. In aljihu bai kai ba, ka ɗauki AGX ka fara daga mataki na biyu, ka yi sati kana bin hanyar da ka saba kafin ka ƙara.