Farar giyar inabi mai kauri: Burgundi, Kalifoniya ko Riyoha?

Wanda ya tsaya gaban kanta yana neman farar giyar inabi mai nauyi a baki, wadda ta daɗe a gangar itacen oak, sunan da zai fi cin karo da shi shi ne Chardonnay. Asalin wannan inabi yankin Burgundi ne na Faransa, kuma shi kansa ba shi da ƙamshi mai ƙarfi. Kamar farin ƙyalle yake, duk rinin da aka tsoma shi a ciki sai ya kama. Shi ya sa kwalba biyu masu suna ɗaya kan sha bamban ƙwarai.

Kaurin nan daga wuri uku yake zuwa. Akwai gangar kanta, wadda a Burgundi take cin lita 228. Sabuwa tana ba da ƙamshin banila da na gasasshen burodi, tsohuwa kuwa ba ta da wani abin bayarwa sosai. Akwai ruɓi na biyu, inda ƙwayoyin bakteriya ke mayar da tsami mai kaifi irin na tuffa ya koma mai laushi irin na madara, a nan ne ɗanɗanon man shanu ke fitowa. Sai kuma barin giyar a kan dusar yis da ta kwanta a gindin ganga, ana motsa ta lokaci-lokaci har ta yi santsi.

Ta Burgundi, musamman ta ƙauyukan Meursault da Puligny-Montrachet, ita ce ma'auni: kauri da tsami suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ƙamshin itace a ɓoye. Aibinta tsada. Kada dai ka ɗauki Chablis, wadda ita ma ta Burgundi ce, da zaton haka take. Inabin ɗaya ne, amma yawancinta siririya ce, ba ta cika ganin sabuwar ganga ba.

Ta Kalifoniya, daga Napa ko Sonoma, ta fi shan rana, don haka ta fi nuna, barasarta kan kai kashi 14 cikin ɗari, ƙamshinta na abarba da man shanu. Ba abar rainawa ba ce, tunda a gasar ɗanɗano ta Paris a 1976 Chardonnay ɗin Chateau Montelena, wani gidan giya na Kalifoniya, ta 1973 ce ta doke na Burgundi. Sai dai masu araha da yawa ba su taɓa shiga ganga ba, gutsattsarin itace ake jefawa cikin tankin ƙarfe. Za ka gane su: ƙamshin banila ya cika hanci, ka haɗiye, bakin wayam.

Wanda ya gaji da Chardonnay ya leƙa farar Riyoha ta Sifen, wadda ake yi da inabin Viura, ko ta Pessac-Léognan a yankin Bodo na Faransa, gaurayen Sémillon da Sauvignon Blanc.

A ganina abincin da za a ci ne ya kamata ya yanke hukunci. Gasasshiyar kaza, kifin salmon, jatan lande da aka soya da man shanu, taliya mai miyar kirim da naman kaza, duk suna son giya mai nauyinsu. Idan miyar ta yi maiƙo sosai, ɗauki ta Burgundi, tsaminta zai wanke baki. Idan gashin ya sha hayaƙi, ta Kalifoniya ta fi dacewa. Abinci mai yaji da salak mai ruwan tsami kuwa ba sa ga maciji da irin wannan giya mai kauri, ɗaci kawai za su fito da shi.

Kuma kada a sanyaya ta fiye da kima. Digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Celsius ya isa, in ta yi ƙanƙara ƙamshin da ka biya kuɗinsa ba zai tashi ba.